Baƙin Alƙalamin Ritva

Duk wanda ya san Ritva Hautala a garin Thunder Bay ya san ba ta iya haɗiye magana. In ta ga abu a karkace sai ta faɗa, ko a coci ne, ko a gidan makoki. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, gashinta fari fat, ta rage shi guntu don kada ya dame ta. Ubanta ɗan dako ne a rumbunan alkama na bakin tafki, uwarta kuma mai suyar fanke a gidan abincin 'yan Finlan, kuma wajen uwar ta gaji bakin nan. Mafi yawan shekarun aikinta a ofishin zane na kamfanin takarda ta yi su, tana zana bututu da injuna, har ranar da aka rufe sashen aka sallame su da ɗan kek da jawabi.

A can ta koyi wani abu da ba ta gajiya da maimaitawa. Ta ce in ka kai wa ma'aikata zane mai sheƙi, an goge an shafe, sai su ce madalla, ka juya baya su zage ka. In kuwa mummuna ka kai musu, na fensir, nan take wani zai fizge fensirin ya ce a'a, ba ta nan bututun ya bi ba.

Mijinta Eino direban motar katako ne, dogo, mai shiru-shiru. Mutane kan ce Ritva ce ke yin maganar su biyu. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar bas shuɗiya, ya riƙa kwaso tsofaffi daga ƙauyukan daji yana kai su asibiti, kyauta. Abu guda aka san shi da shi: bai taɓa sa kowa jira ba. Kafin ka gama ɗaure takalmi yana ƙofar gidanka, inji na aiki, cikin motar ya ɗumama. Ritva ce ke riƙe da waya, tana haɗa mai ciwo da mai mota, har direbobin sa-kai suka yi yawa abin ya fi ƙarfin kanta.

Nan Lorne Beaudry ya shigo. Mai rubuta manhajar kwamfuta ne, mutum mai sanyin hali da gemun da bai taɓa cika ba, kuma Eino ne ya yi ta jigilar mahaifiyarsa zuwa wankin ƙoda har ta rasu. Lorne ya rubuta musu manhajar da ke haɗa marasa lafiya da direbobi, ya sa mata suna Kelkka, wato da yaren Finlan, keke marar taya da kakannin su Eino ke ja a kan ƙanƙara. Bai sayar ba. Buɗe ta ya yi, kowa ya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara in ya iya. Kafin ka ce me, ƙananan garuruwa daga Manitoba har Montana sun ɗauka, ga 'yan sa-kai barjat suna gyare-gyare, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba.

Eino ya faɗi ne wata safiya yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, zuciyarsa ta tsaya. Bayan an binne shi Ritva ta zauna ta rubuta shafin farko na gidan Kelkka a intanet. A sama ta sa ƙaton hoton Eino tsaye jikin bas ɗinsa, ƙanƙara har gwiwa. Ƙarƙashinsa dogon labarin yadda aka fara. Inda ake sauke manhajar da inda ake neman taimako kuwa suna can ƙasa, sai mutum ya yi ta gangarawa. A ka'idar Kelkka kowane shafi da mai shi, ba a canza ko waƙafi sai mai shafin ya danna ya amince, kuma shafin farko na Ritva ne. Kullum da safe takan buɗe shi, kofin kofi a hannu, ta ce, "Ina kwana, tsoho."

Shekaru suka tura, shafin ya tsufa, kowa ya yarda sai an sake masa fasali. Lorne ya zauna shi kaɗai ya fitar da sabon tsari, mai launi, mai kyau kamar bangon mujalla. Ya manna shi a zauren da masu rubuta manhajar ke taruwa a intanet. Yabo ya yi ta zuba. Daga nan suka kama gardama a kan shuɗin, wai ya yi duhu ko ya yi haske, suka kwashe makonni a kai, manya da su. Da aka gaji aka turo wa Ritva ta amince. Ta rubuta kalma ɗaya tak: "A'a."

Washegari Lorne ya gayyace ta cin fanke. Sai da ta cinye rabin farantinta ya yi ƙarfin halin magana.

"Ritva, me kuma na yi miki?"

"Ka yi abu ya yi kyau da yawa, laifinka ke nan. Wa zai ga wannan ya ce a motsa wani abu? Shi ya sa suka koma faɗa a kan shuɗi. Wa ka tambaya kafin ka zana?"

"A fili na saka shi. Ƙofa a buɗe take, kowa na iya magana."

"Kowa? Haba Lorne, kada ka raina mini hankali. Verna ta taɓa leƙa wannan kogon naku? Stash fa? Shi da ko wayarsa da yatsa ɗaya yake dannawa?"

Verna ce ke kula da Kelkka a wani gari can arewa inda kwalta ta ƙare. Ita da Ritva a waya kawai suka san juna. Stash Melnyk kuwa tsohon direban sa-kai ne, abokin Eino na kamun kifi.

Lorne ya ɗaga kafaɗa, ya faɗi abin da masu sana'arsu ke faɗa in suna so su rufe wa mutum baki: "Wanda bai gamsu ba, ya turo nasa gyaran."

"To ga nawa."

Ta zuge jaka ta zazzage masa baƙaƙen alƙaluma masu kaurin baki a kan tebur, ɗaya har ya faɗa cikin zuman fanke. Ta ce za ta tara masu amfani da Kelkka, kowa ya zana kwarangwal ɗin shafin da hannunsa. Akwatuna da layuka kawai, babu launi, babu ado, me ke sama, me ke ƙasa. Wanda jama'a suka zaɓa, shi za a gina.

Lorne bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan. Kwamfutarsa ya buɗe ya juyo mata. A sabon tsarin nasa hoton Eino na nan a sama, ya ma fi da girma.

"Ni na bar shi, don na san wane ne," in ji shi a hankali. "In kika miƙa wa mutane alƙalami, ba ki da iko da abin da za su zana. Ki yi tunani."

Maganar ta soke ta. Amma ta rufe kwamfutar da tafin hannu.

"Kada ka sake ka sayi bakina da mijina. Mutanen nan sun san Eino. Za ka gani."

Ta yarda da abin da ta faɗa ɗin kuwa, har zuciya.

Zauren masu manhaja ya ɗauki zafi. Wani daga Oregon ya rubuta cewa tsohuwa ɗaya ta tsare aikin jama'a, a ƙwace mata shafin. Ritva ta amsa masa cewa tana riƙe da wayar Kelkka tun yana koyon ɗaure wando, in yana da ƙarfi ya zo Thunder Bay ya ƙwata, za ta dafa masa kofi. Lorne ya shiga tsakani ya ce ka'ida ka'ida ce, shafin nata ne. Ita kuma ta bi gari-gari a waya, tana lallashin wannan, tana yi wa wancan tsawa, har ta tara su.

Ranar wata Asabar aka haɗu a zauren ƙasa na cocin Lutheran. Ƙamshin kofi da pulla, burodi mai zaƙi na 'yan Finlan, ya cika wurin, riguna masu nauyi jibge a kan kujeru. Direbobi, masu amsa waya, ma'aikatan jinya, ga wasu a allon bango suna leƙowa daga garuruwansu, kowa da farar takarda. Verna ta tuƙo tun daga arewa, mace mai ƙiba da fara'a, ta rungume Ritva ta ce, "Ashe ƙarama ce ke! Da muryar nan na ɗauka kin kai ƙofa."

Ritva ta hau kan ɗan dandamali ta kafa dokokinta. Baƙin alƙalami kawai, mai kaurin nan, don kada wani ya tsaya ƙawa. In hoto kake so a wuri, ka zana akwati ka ja masa layi biyu su gitta juna. Kuma kada wanda ya rubuta sunansa, don ta san halinsu, da sun gane na Lorne za su bi shi duu.

"Ni fa ban iya zane ba," in ji Stash, bakinsa cike da burodi.

"Ka iya zana akwati?"

"Na iya."

"To zana. In ya karkace ma ya fi, ya yi kama da tuƙinka."

Aka kwashe da dariya, aka duƙufa. Ba ka jin komai sai ƙiiƙii na alƙaluma. Ritva ta zagaya tana leƙe, ta ƙwace jan biro a hannun wata ma'aikaciyar jinya, ta hana wani amfani da rula. Daɗi ya kama ta sosai, rabonta da irinsa tun Eino na da rai. Da ta ga kowa ya nutsu sai ta ja kujera gefe ta zana nata: ƙaton akwati a sama mai layi biyu a gicciye, layukan rubutu a ƙarƙashi, sauran abubuwa a ƙasa. Ta cusa shi tsakiyar tarin takardu.

Aka manna zanukan a bango. Na nesa suka turo hotunan nasu, aka buga aka haɗa. Aka raba wa kowa 'yan ɗigon takarda masu manne, ya liƙa a zanen da ya fi kwanta masa. Ritva ta bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, wai tana duba ko an bi doka. Ƙarya take yi, akwati mai gicciye take nema a saman takarda.

Babu. Zanukan munana ne yadda take so, karkatattu, an soke nan an sake can, amma kusan duk bakinsu ɗaya: manyan akwatuna a can sama. "Kelkka ta lalace, a taimake ni." "Ina so in kafa a garinmu." "Ina so in sa hannu." Ta gane rubutun Stash mai kama da tafiyar kaza. Shi ma babu. Stash, da ya ɗauki akwatin gawar Eino a kafaɗarsa. Takarda ɗaya ce a bangon nan mai wurin hoto a sama, tata. Ɗigo ɗaya ne a jikinta, kuma ta ga lokacin da Lorne ya liƙa shi ya wuce kamar ba shi ba.

Zanen da ɗigo ya rufe kamar ƙyanda, da aka ce mai shi ya tashi ya yi bayani, Verna ce ta miƙe tana gyara riga.

"Ni dai abin da ya same ni na zana," ta ce. "Ran nan Kelkka ta ƙi tashi, ga masu wankin ƙoda suna jira, ban san wa zai ɗauki wa ba. Na buɗe shafin in nemi taimako. Kun san intanet ɗinmu na arewa, rarrafe yake yi. Sai ga hoton wani dattijo yana saukowa kaɗan-kaɗan. Hularsa. Can goshinsa. Can hancinsa. Wallahi na ɗora shayi ya tafasa bai kai takalmi ba! Na ce bawan Allah, ka yi wa girman Allah ka matsa in wuce."

Baƙin da ba su sani ba suka fashe da dariya, har na allon bango. 'Yan gari kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Stash ya ƙura wa takalminsa ido.

Verna ta lura dariyar ta mutu a rabin zaure. Ta waiga. "Wai shi wane ne ma? Akwai dogon rubutu a ƙasa, ni ban taɓa samun sukunin karantawa ba."

"Mijina ne," in ji Ritva.

Verna ta dafe baki. "Wayyo ni! Ritva, ki yafe ni, ban sani ba. A mayar da shi, don Allah a mayar. Ba ni alƙalamin nan."

"Kul! Kada ki taɓa zanen nan."

Muryar ta fito da ƙarfin da ya sa har mai wanke kofuna ta leƙo daga kicin. Stash ya lallaɓa ya ɓamɓaro ɗigonsa zai kai kan takardar Ritva, don yanzu kowa ya gane tata ce. Ta doke masa hannu.

"Mayar da shi inda ka sa shi, tsohon banza. Lokacin da ba ka san tawa ba ce ka faɗi gaskiya, yanzu za ka yi mini ƙarya? Ba sadaka na zo nema ba."

"Ritva, ni fa ina son mutumin nan," in ji Stash. "Amma in abu ya lalace..."

"Na ji. Zauna."

Ta ƙarasa taron a tsaye, ta sa aka tattauna kowane akwati, ta gode wa na nesa, ta naɗe ragowar burodi ta cusa wa Verna a jaka don hanya. Ba wanda ya ga hawayenta. Amma ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ji haushin Verna, ta ji haushin Stash, ta ji haushin Lorne da ya riga ta gani, kuma ta fi jin haushin kanta da babu wanda za ta ɗora wa laifi. Ita ta sayo alƙaluman.

Lorne ya gina sabon shafin a kan zanen Verna. Labarin Eino da hotonsa ya mayar da su wani shafi na ciki, inda sai mai nema zai same su. Ya tura wa Ritva ta amince. Shiru. Kwanaki suka wuce, gyaran na zaune yana jiran dannawarta. Na Oregon ma wannan karon bai ce uffan ba, don labari ya kai masa.

Wata la'asar Lorne ya buga mata ƙofa. Ya tarar da ita a teburin kicin, tsohon shafin a buɗe gabanta, Eino tsaye jikin bas.

"Ga shawara," ya ce bayan ya cire takalmi. "In sa shi ƙarami a gefen sama. Zan matse hoton ya yi sauƙi. Ba wanda zai ce komai, na rantse miki. Verna ma ta kira ni sau biyu tana roƙo."

"Yana cikin zanen da aka zaɓa?"

"Ba ya ciki. Amma ginin shafin na hannuna, amincewa na hannunki. Mu biyu mun isa."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai Lorne, ba ka da kunya? Na tayar da garuruwa don kada mutum ɗaya ya zauna a ɗaki ya yanke wa jama'a. Yanzu don an zama mutum biyu, kuma ɗayan ni ce, sai ya halatta? Ba za su ce komai ba, gaskiyarka. Tausayina za su ji. Gobe in an sake miƙa musu alƙalami sai su fara duban fuskata kafin su zana. Ina! Ban yi wannan wahalar don haka ba."

"To me ya sa ba ki danna ba?"

Ta juya kofin da ke gabanta, ta sake juya shi.

"Don ciwo yake mini, shi ya sa. Sai ka ji daga bakina?" Ta nuna hoton da haɓa. "Mutumin nan bai taɓa sa kowa jira ba. Ko mahaifiyarka, ka sani. Ni na ɗauko shi na kafa a bakin ƙofa, shekara da shekaru yana tsare masu ciwo. Da yana iya magana da tuni ya... a'a, ba zai yi magana ba ma. Kallona kawai zai yi."

Ta jawo kwamfutar. A wurin amincewa akwai ɗan fili da ake rubuta dalili, kowa a Kelkka na iya karantawa. Lorne ya ce ba dole ba ne ta rubuta komai. Ta ce ya rufe mata baki. Da yatsu biyu ta buga, tana faɗa a fili kamar yadda takan ƙwala masa kira ta tagar kicin:

"Eino, matsar da motar, ka tare wa mutane hanya."

Ta danna. Ta ce wa Lorne ya sa takalminsa ya tafi, tana da wanki.

Da gari ya waye ta haɗa kofi ta zauna inda ta saba. Ta daɗe hannunta na kan kwamfutar kafin ta buɗe shafin. Tana shirin jira kamar kullum, ta ɗauki kofin. Bai kai bakinta ba shafin ya riga ya tsaya cak a gabanta, akwatunan Verna a sama, komai a shirye.

Ritva ta ajiye kofin.

"Kai tsoho," ta ce. "Ko takalmi ban ɗaure ba."

Sai a lokacin ta kifa kai a kan tebur ta yi kukanta, har kofin ya huce.